Lalurar ADHD mai sa rafkanwa ga manya: yadda ake gane ta da yadda ake shawo kanta

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da daina ɗaukar lalurar ƙarancin mayar da hankali, wadda aka fi sani da taƙaitaccen sunanta na ADHD, a matsayin matsalar yara kawai. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a ƙasashe 20, wanda aka wallafa a shekarar 2017, ya nuna cewa kimanin kashi 2.8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ita.

Ma'ana, a cikin kowane mutum ɗari da ke aiki a sakatariya, ko karatu a jami'a, ko ciniki a kasuwa, ana iya samun biyu ko uku masu fama da ita.

A Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram, ba kasafai ake kiran wannan hali da sunan lalura ba. Sunayen da aka saba ba shi su ne shiririta, ko sakarci, ko lalaci, ko kuma a ce wane ba shi da lissafi. Da yawa daga cikin masu lalurar sun yarda da waɗannan sunaye tun suna ƙanana, kuma da su suka girma.

Mece ce lalurar?

Kundin da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a shekarar 2013, wanda ake kira DSM-5, ya raba ADHD gida uku. Akwai wadda rawar kai da azarɓaɓi suka fi rinjaye a cikinta, akwai wadda rafkanwa ta fi rinjaye, sannan akwai wadda ta haɗa biyun. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya na 11, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022, shi ma ya bi wannan rabo.

Nau'in farko ba ya ɓuya, domin yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya kowa na ganinsa, daga malamin makarantar allo har zuwa na boko. Nau'i na biyu ne ke wucewa ba a lura ba. Mai shi yakan zauna shiru, ba ya damun kowa, idanunsa na kan mai magana amma hankalinsa ya yi nisa.

Alamomin rafkanwa da likitoci ke dubawa guda tara ne. Mutum yakan yi kurakurai na ganganci a aikin da ya iya, ya kasa tsayar da hankali a kan dogon karatu ko taro, ya zama kamar ba ya sauraro idan ana yi masa magana. Yakan fara aiki ya kasa kai shi ƙarshe, tsara lokaci da kaya su gagare shi, ya riƙa ɗage duk aikin da ke bukatar dogon tunani. Yakan yawaita ɓatar da makulli ko waya ko takardu, ƙaramin abu ya ɗauke masa hankali, ya kuma manta da alƙawari ko bashi ko saƙo.

Babu wanda bai taɓa yin ɗaya daga cikin waɗannan ba. Saboda haka ne aka gindaya sharuɗɗa. Wanda ya kai shekara 17 zuwa sama sai an same shi da alamomi biyar aƙalla, sun kuma ɗauki watanni shida ko fiye. Wajibi ne wasu daga cikinsu sun bayyana kafin ya cika shekara 12, kuma ana ganinsu a wurare biyu ko fiye, misali gida da wurin aiki. Sharaɗi mafi nauyi shi ne a tabbatar cewa suna yi wa rayuwarsa illa ta zahiri, kamar faɗuwa jarrabawa a kai a kai, ko asarar jari, ko takardun gargaɗi daga shugaban ma'aikata, ko rikicin aure.

Wani abu da ke rikita iyalai shi ne yadda mai lalurar ke iya shafe sa'o'i a kan abin da ya ba shi sha'awa, kamar gyaran inji ko kallon ƙwallo, har ya manta da abinci. Daga nan sai a yanke hukuncin cewa da gangan yake ƙin sauran ayyuka. Masana sun ce matsalar ta fi shafar ikon juya hankali zuwa inda ake so, a lokacin da ake so, musamman idan aikin ba shi da daɗi ko sakamakonsa na nesa ne.

A ƙuruciya an fi gano lalurar a jikin yara maza, amma a tsakanin manya tazarar takan ragu ƙwarai. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne 'yan mata sun fi samun nau'in rafkanwa, wanda ba ya tayar da ƙura. Sau da yawa sai bayan aure abin yake fitowa fili, lokacin da girki da raino da hidimar dangin miji suka haɗu a kan mace ɗaya. Tukunya ta ƙone yau, cefane ya lalace gobe, a ce mata ƙazama ko marar tarbiyya, laifin ma ya shafi mahaifiyarta.

Tarihi da musabbabi

Lalurar ba sabuwa ba ce, kuma ba wayar salula ce ta kawo ta ba. Wani likita ɗan Sikotland, Alexander Crichton, ya bayyana irin wannan hali a shekarar 1798, yayin da likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a kansa a birnin London a 1902. A 1980 ne likitocin Amurka suka ba ta sunan da ya jingina ta ga ƙarancin mayar da hankali.

Binciken da aka yi a kan tagwaye a ƙasashe da dama ya nuna cewa gado ne ke da kaso mafi tsoka, sama da kashi 70 cikin ɗari na bambancin da ake gani tsakanin mutane. Shi ya sa ake yawan samun uba ko uwa su gane kansu a ranar da likita ke yi musu bayanin ɗansu.

Masu bincike suna danganta ta da yadda sinadaran dofamin da noradirenalin ke isar da saƙo a sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsari da jinkirta sha'awa. Haihuwar bakwaini, da ƙarancin nauyi a lokacin haihuwa, da gubar dalma, duk suna ƙara haɗarin kamuwa. Batun dalma ba baƙo ba ne a arewacin Najeriya tun bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, kuma an sha samun ta a cikin wasu nau'o'in kwalli. Haka nan bincike a Uganda da Malawi ya nuna cewa yaran da suka tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa sukan fuskanci matsalar mayar da hankali daga baya.

Abubuwan da ke kama da ita

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ADHD. Likita yana dogara ne da doguwar tattaunawa, da tarihin mutum tun yana yaro, da shaidar wanda ya san shi a lokacin, kamar mahaifiya ko yaya ko tsohon malami. Tsofaffin takardun sakamakon makaranta suna da amfani sosai a nan.

Akwai takardar tambayoyi 18 mai suna ASRS da aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka wallafa a 2005. Aikinta nuna wanda ya kamata a ƙara bincika, ba ta isa ta zama hukunci ba.

Rafkanwar da ta fara da girma, bayan shekaru na natsuwa, galibi wani abu ne daban. Ciwon damuwa mai tsanani da fargaba suna raunana hankali. Haka ma ƙarancin jini, da matsalar maƙoƙo, da rashin isasshen barci, da minshari mai yanke numfashi, da wani nau'in farfaɗiya da ke sa mutum ya yi tsai na 'yan daƙiƙoƙi. Masu amosanin jini kan samu ƙananan toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da sun sani ba. Shan wiwi ko tiramadol ko kodin shi ma yana haddasa alamomi iri ɗaya.

Mutane da dama a wannan yanki sukan fara lura da matsalar ne a cikin salla, inda suke rasa adadin raka'o'in da suka yi kusan kullum. Littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun ware hukunci na daban ga wanda rafkanwa ko kokwanto suka zame masa jiki, kuma malamai ne masu bayanin wannan. Ta fuskar likitanci dai akwai bambanci tsakanin wanda hankalinsa ke ficewa da wanda wasiwasi ke tilasta masa maimaita alwala sau da yawa. Na biyun wata lalura ce daban, maganinta ma daban.

Ya kamata a yi hattara da abin da ake gani a intanet. Wani nazari da aka wallafa a Kanada a 2022 ya duba bidiyoyi 100 mafiya farin jini a kan ADHD a shafin TikTok, ya kuma gano cewa sama da rabinsu na ɗauke da bayanai masu ɓatarwa.

Ina za a dosa daga Dutse?

Matakin farko shi ne ganin likita a babban asibiti, domin a auna jini da hawan jini, a kawar da sauran dalilai, sannan a nemi takardar turawa zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa. A Dutse akwai Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, a Birnin Kudu kuma akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Jihar Jigawa na da asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure. A Kano, tafiyar kimanin sa'o'i biyu a mota, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kuma asibitin Dawanau.

Ƙarancin ƙwararru babban cikas ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa waɗanda ke aiki a cikin ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'ar da ta haura miliyan 200. Mafi yawan lokacinsu kan tafi ne ga masu cututtuka masu tsanani, don haka wanda ya zo da kukan mantuwa da ɗage aiki sai ya yi haƙuri, ya kuma zo da bayanansa a rubuce.

Cikas na biyu kunya ce. Mutane da yawa na gudun a gan su a abin da ake kira asibitin mahaukata, musamman masu neman aure da ma'aikatan gwamnati. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin masu irin wannan lalura na kada a nuna musu wariya.

Magunguna

Magungunan da suka fi tasiri su ne waɗanda ake kira masu zaburar da ƙwaƙwalwa. A 1937 ne wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa yaran da ya bai wa amfetamin sun ƙara natsuwa a aji. A 1944 wani masanin haɗa magunguna a Suwizalan, Leandro Panizzon, ya samar da metilfenidet, wanda aka raɗa wa suna Ritalin daga sunan matarsa Rita.

Waɗannan magunguna suna ƙara yawan dofamin da noradirenalin a mahaɗar ƙwayoyin jijiya. Suna fara aiki cikin rabin sa'a zuwa sa'a guda. Metilfenidet mai gajeren zango yana ɗaukar sa'o'i uku zuwa huɗu, mai dogon zango irin su Concerta kuma yakan kai sa'o'i 12. Kimanin mutum bakwai cikin goma suna samun sauƙi da ɗaya daga cikinsu, wanda na farko bai karɓe shi ba kuma ana iya gwada masa na biyu.

Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a 2018 cewa a fara wa manya da lisdeksamfetamin ko metilfenidet. A wannan shekarar ce kuma mujallar Lancet Psychiatry ta wallafa nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje 133, wanda ya nuna cewa dangin amfetamin sun fi dacewa da manya, metilfenidet kuma da yara.

Maganin ba ya warkar da lalurar. Tamkar tabarau ne ga mai raunin gani: yana aiki muddin yana jiki, idan ya fita a koma gidan jiya. Ba ya kuma koya wa mutum tsara lokaci, abin da yake yi shi ne sauƙaƙa masa koyon. Ana farawa da ƙaramin awo, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin makonni har a kai inda amfani ya fi illa.

Illolin da aka fi gani su ne rashin son abinci, da ramewa, da rashin barci, da bushewar baki, da ciwon kai, da ɗan ƙarin bugun zuciya da hawan jini. Wani bincike a Suwidin da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa shan maganin na tsawon shekaru yana da alaƙa da ƙarin haɗarin hawan jini. A yankin da mutane da yawa ke yawo da hawan jini ba su sani ba, auna shi kafin a fara da kuma bayan kowane ƙarin awo wajibi ne. Mai ciwon zuciya, ko wanda aka taɓa samun mutuwar farat ɗaya ta matashi a danginsa, ko mai hawan jinin ido, ko wanda ya taɓa samun taɓin hankali, dole ya shaida wa likita. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma haka.

Ga wanda waɗannan ba su dace da shi ba, akwai atomoksetin, wanda aka amince da shi a Amurka a 2002 da sunan Strattera. Ba ya cikin masu zaburarwa, ba ya sa maye, kuma ba shi da kasuwa a wajen masu shaye-shaye. Sai dai yana ɗaukar makonni huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye, kafin a ga amfaninsa, kuma a nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna su daina. Yakan sa tashin zuciya da gajiya, ga wasu maza kuma raunin kusantar iyali, abin da gara a faɗa wa likita da a daina shan maganin a ɓoye.

Masana ba su haɗu a kan komai ba. A 2019 da 2021 kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi sanya metilfenidet a jerin muhimman magunguna, yana mai cewa hujjojin amfaninsa na dogon lokaci ba su gamsar ba, matakin da likitoci da dama suka soka. Gaskiyar magana ita ce mafi yawan gwaje-gwajen da aka yi na 'yan makonni ne ko watanni.

Doka da wahalar samu

Metilfenidet da amfetamin suna cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sanya wa takunkumi. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke kula da shigo da su, hukumar NDLEA kuma na farautar masu safararsu ba bisa ƙa'ida ba. Ba a sayar da su sai da takardar likita, kuma mai kemis na unguwa ba shi da lasisin ajiye su.

Samunsu ma aiki ne. Galibi sai a manyan asibitoci da manyan kantunan magani na birane, kuma farashin magungunan da ake shigowa da su ya tashi matuƙa bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Kafin a fara, yana da kyau a tambayi likita inda za a riƙa samu duk wata, da kuma abin da za a yi idan ya yanke. Ko a Amurka an shiga ƙarancin maganin Adderall a watan Oktoban 2022.

Tsoron da iyalai ke yi na kada magani ya zama ƙwaya yana da tushe. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da ƙwayoyi a shekarar da aka yi nazari a kanta. A watan Mayun 2018 ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. To amma manyan nazarce-nazarce a Suwidin da Amurka sun nuna cewa masu ADHD da ke shan magani bisa kulawar likita ba su fi waɗanda ba sa sha faɗawa shaye-shaye ba, hasali ma haɗarin yakan ragu. Haɗarin yana wajen wanda ya karɓa daga aboki domin karatun jarrabawa, ko wanda ya nemi natsuwa a wajen tiramadol. Haɗa tiramadol da waɗannan magunguna na iya jawo farfaɗiya.

Azumin Ramadan

Wannan tambaya ce da takardar cikin kwalin magani ba ta amsawa. Idan aka sha mai dogon zango da sahur, zai yi aiki a sa'o'in ofis ko makaranta, amma yana ƙara bushewar baki da rana, kuma ga wasu yakan rage cin abinci har bayan buɗa-baki. Idan aka sha bayan magariba, barcin daren ya tafi, amfaninsa kuma ya ƙare kafin gari ya waye sosai. Atomoksetin ya fi sauƙin sha'ani tunda ana iya mayar da shi dare.

Wasu likitoci kan rage awo ko su dakatar da masu zaburarwa na tsawon watan, musamman idan azumi ya faɗo a bazara, lokacin da zafin Dutse ke haura digiri 40. Shawara ce da ake yankewa da likita tun a watan Sha'aban.

Ƙarin sinadarai da abinci

A nan ne talla ta fi hujja yawa. Man kifi mai sinadarin omega-3 shi aka fi yin bincike a kansa, galibi a jikin yara, kuma abin da aka samu ɗan amfani ne ƙalilan, wasu nazarce-nazarcen ma ba su ga komai ba. Hukumar NICE ba ta ba da shawarar a yi amfani da shi a matsayin maganin ADHD ga yara ba, hujjojin da suka shafi manya kuwa sun fi haka rauni. Wanda ke son sinadarin zai same shi a kifin teku mai maiƙo, irin su taitus da sadin, fiye da kifin ruwan daɗi na Haɗeja.

Sinadarin ayon mai ƙara jini, da zinki, da maganiziyam, suna taimakawa ne ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancinsu. Wannan ya fi shafar mata masu haihuwa a kai a kai, waɗanda ƙarancin jini kaɗai ya isa ya sa su gajiya da mantuwa. Hanta da nama da wake da zogale da riɗi duk suna ɗauke da ayon, amma shan shayi mai kauri tare da abinci yana rage yadda jiki ke tsotsarsa. Shan ƙwayar ayon ba tare da gwaji ba na iya cutarwa, musamman ga masu amosanin jini da ake yi wa ƙarin jini.

Goro da shayi da kofi suna ɗauke da sinadarin kafeyin, kuma da yawa daga masu lalurar sun daɗe suna yi wa kansu magani da su ba tare da sun sani ba. Yana ɗan wartsakarwa, amma bai kai magani ba, kuma idan ya haɗu da magani mai zaburarwa yakan ƙara bugun zuciya da rashin barci. Lemun gwangwani masu ƙara kuzari sun fi muni a wannan fanni.

Game da garin magani da ruwan kwalba da ake tallatawa da lasifika a kasuwanni da tashoshin mota a matsayin masu ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, babu wani gwajin asibiti da ya nuna suna maganin ADHD. Lambar rajistar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da abin da mai talla ya faɗa.

Tsarin rayuwa

Wani gwaji da aka yi a birnin Boston, aka wallafa a mujallar JAMA a 2010, ya nuna cewa manyan da ke shan magani amma alamomi ba su gushe ba sun ƙara samun sauƙi bayan zama 12 da masanin halayyar ɗan Adam, inda aka koya musu tsara aiki da sauya tunanin da ke sa su ɗage shi. Irin waɗannan masana ba su da yawa a Jigawa, amma dabarun ba sirri ba ne.

Tushensu shi ne fitar da tunatarwa daga cikin kai zuwa waje. Littafi ɗaya tak na rubuta alƙawura da bashi, wanda ake dubawa safe da yamma, ya fi takardu goma a aljihu daban-daban. Makulli da waya da katin banki su samu wuri guda da ba ya sauyawa. Babban aiki a yanka shi gunduwa-gunduwa, a rubuta matakin farko kawai, misali buɗe fayil da karanta shafi biyu. Ɗan kasuwa a Shuwarin da ke bayar da kaya bashi ya rubuta a take, gaban mai karɓa, domin kalmar anjima ita ce ke cinye jarin mai wannan lalura.

Musulmi na da wani tsari a shirye wanda littattafan Turawa ba su ambata ba. Salloli biyar sun raba yini kashi-kashi, kuma kiran salla agogo ne da ba ya bukatar caji. Ana iya ɗaura magani da asuba, aiki mai wuya tsakanin hantsi da azahar lokacin da maganin ke kan ganiyarsa, duba littafin alƙawura bayan la'asar, ajiye waya bayan isha'i.

Aiki kusa da wani mutum yana taimaka wa da yawa, ko da ba ya sa hannu. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke kasa karatu shi kaɗai a ɗaki zai iya samun sauƙi a laburare ko tare da abokin karatu ɗaya, waya kuma tana cikin jaka.

Barci na da matsayi na musamman. Manya masu ADHD da dama agogon jikinsu na jinkiri ne, ba sa jin barci sai tsakar dare. Ga mai tashi sallar asuba wannan na nufin sa'o'i huɗu ko biyar kawai, alhali babba na bukatar bakwai aƙalla. Hasken rana da safe, da barin shayi da goro tun la'asar, da ɗan ƙailula da rana, suna rage giɓin. Motsa jiki kuwa yana ƙara natsuwa na wasu sa'o'i bayan an yi shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba kowane babba shawarar minti 150 zuwa 300 a mako. Tafiya mai sauri da sanyin safiya ta wadatar.

A gida, yana da amfani miji ko mata su halarci ganin likita ko sau ɗaya. Bayanin da ya fito daga bakin likita yakan shiga inda na mai lalurar bai shiga ba. Sanin sunan lalurar bai ɗauke wa mutum nauyin haƙƙoƙin da ke kansa ba, sai dai yana ba ma'aurata damar raba ayyuka bisa ƙarfin kowa, kamar wanda ya fi tsari ya riƙe lissafin kuɗin makaranta da ranakun asibiti.

A kan hanya

Wurin da rafkanwar daƙiƙa biyu ke iya zama ajali shi ne titi. Wani bincike a Denmark da mujallar Lancet ta wallafa a 2015 ya gano cewa haɗarin mutuwa da wuri ya ninka kusan sau biyu ga masu ADHD, kuma haɗurra ne babban dalili. Wani kuma da aka yi a Amurka a kan mutane sama da miliyan biyu, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa haɗarin mota ya ragu da kashi 38 cikin ɗari ga maza, da kashi 42 ga mata, a watannin da suke shan magani.

Wannan ya shafi direbobin haya, da masu babur da Keke Napep, da kuma ma'aikatan da ke barin Dutse zuwa Kano da yammacin ƙarshen mako, a daidai lokacin da maganin safe ya gama aiki kuma gajiya ta taru. Likitoci kan ba irin waɗannan shawarar su daidaita lokacin shan magani da lokacin tuƙi, su kashe waya, su tsaya hutawa a doguwar tafiya, idan kuma daren jiya ba a yi barci ba su bar wa wani sitiyari.